Me ke sa babba da gemunsa ya zauna kallon shirin yaran Japan?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata magana da ta kwana biyu tana min yawo a rai, na ce bari in kawo ta nan mu tattauna. Wata uku ke nan, kusan kullum bayan isha'i in yara sun kwanta, sai in ɗauki waya in kalli wani shiri da aka yi domin yara 'yan shekara huɗu zuwa shida a Japan. Sunansa PythagoraSwitch. Tashar NHK ce ke yin sa tun 2002, a sashenta na ilimi. Ko kalma ɗaya ta Japananci ba na ji, amma hakan bai hana ni komai ba.

Abin da ya fara kama ni shi ne wata na'ura da suke haɗawa da tarkacen gida. A saki ɗan ƙwallon gilashi ya gangara a kan rula, ya bugi abin maƙale shanya, shi kuma ya saki zare, zaren ya ja littafi ya faɗi, iskar faɗuwar littafin ta tura wata 'yar takarda, takardar ta taɓa cokali, cokalin ya juye kofi, har dai a ƙarshe wata 'yar tuta ta miƙe da sunan shirin a jiki. Duka bai fi minti ɗaya ba. Babu mai magana, babu mai cewa "yara ku lura". Ƙarar ƙwallon kawai kake ji a kan katako. Ni injiniyan gyaran injin ban ruwa ne, shekara 19 ina wannan aiki, kuma wallahi akan yi dabarar da sai na mayar da bidiyon baya sau uku kafin in gane yadda nauyi ya koma daga wannan gefe zuwa wancan.

Tambayata: ni kaɗai ne, ko akwai wanda abin nan ya kama? Kuma me ke cikinsa da babba ke samu?

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam. Yaya, ba kai kaɗai ba ne. Ni malamar aji biyu ce a firamare, ta hanyar aiki na gamu da shi. Wanda ya tsara shi, Masahiko Sato, farfesa ne a jami'ar Keio lokacin da aka fara, kuma ɗalibansa ne ke zama su haɗa waɗannan na'urori da hannu. Ba dabarar kwamfuta ba ce. In abu ya maƙale a tsakiya sai a sake jera komai daga farko, a sake ɗauka, wani lokaci sau gommai. Ina ganin abin da ke kama mu ke nan: ido yana gane aikin da aka sha wahalarsa ko ba a faɗa masa ba.

Amma ni ba na'urar ce ta fi burge ni ba. Akwai wani sashe da mutane ke jeruwa a layi, kowa yana yin motsi iri ɗaya, sai dai na baya yana farawa da taki ɗaya bayan na gabansa. In mutum ɗaya ne ya yi shi kaɗai, sai ka ga kamar shirme: ya sunkuya babu dalili, ya ware hannu babu dalili. Da zarar an jeru sai ka ga ashe lokacin da wannan ya sunkuya, daidai lokacin ne hannun wancan ke wucewa ta saman kansa. Sun yi shi da 'yan kwana-kwana, sun yi da 'yan ƙwallo. Na gwada da yara takwas a filin makaranta. Ranar farko kai da hannu suka yi ta karo. Ran na uku wata yarinya ta tsaya ta ce, "Malama, ai in Sani ya yi sauri ni zai buga." Ta gane tsarin da kanta. Na shekara ina neman hanyar da zan koya musu ma'anar bin mataki bayan mataki, ga shi wasa ya yi min aikin.

Kafinta na Kurna:
Malam Baban Amira, ranka ya daɗe, ni dai ina da ja. Ba wai abin bai yi kyau ba. Amma mu da muka taso muna ƙera motar kara da motar langa-langa, mu yanka silifas mu yi taya, mu lanƙwasa waya mu yi sitiyari mai tsawon da za ka tuƙa kana tsaye, me Bajapane zai nuna mana? Mun yi abin da ya fi wannan ba tare da farfesa ba. Abin da ke damuna shi ne duk abin da ya fito daga waje sai mu buɗe baki, namu kuwa ko kallo bai ishe mu ba.

Baban Amira:
Malam Kafinta, maganarka gaskiya ce, kuma ba ta rushe tawa ba. Mun ƙera motar kara, amma wa ya taɓa kawo kyamara mai kyau ya durƙusa a ƙasa daidai tsawon yaron, ya ɗauki yadda yake fere ɓargon kara da reza, ya nuna wa ƙasa baki ɗaya da safe? Mu in babba ya gan ka da gwangwani sai ya ce tashi ka bar wasan banza. Su sai suka ɗauki wasan banzan suka ba manyan masana, suka ce ku yi shi da iyakar iyawarku. Bambancin a nan yake, ba a basirar yaran ba.

Mai Zanen Hula:
Ku ba ni dama in shigo da wani shirin, don shi ne ya canja min yadda nake kallon sana'ata. Design Ah sunansa, NHK ɗin dai, an fara shi a 2011. Manyan masu zane biyu ne suka jagorance shi, Taku Satoh da Yugo Nakamura, har ya ci lambar Peabody ta Amurka.

Akwai sashen da ake ɗaukar abu guda a wargaza shi. Misali abincinsu na dunƙulen shinkafa da kifi a sama. Sai ka ga kifin ya sauka ya koma gefe, ganyen da aka naɗe shi ya warware ya miƙe, sannan shinkafar ta watse, ƙwaya ɗaya ɗaya, kowace ta je ta jeru a layi kamar sojoji, har fuskar talabijin ta cika da abin da ɗazu loma ɗaya ne. Hoto bayan hoto ake ɗauka, a matsa ƙwaya a ɗauka, a matsa a ɗauka. Ranar da na fara gani, ina gamawa na ɗauko wata tsohuwar hula zanna ta mahaifina da ta riga ta mutu, na sa allura na fara warware ta. Shekara 14 ina ɗinkin hula, amma sai ran nan na lura cewa mai ɗinkin ya ɓoye kullin zarensa a ƙarƙashin launi mai duhu, duk inda zai canja zare sai ya kai shi gindin baƙi ko shuɗi tukuna. Shi ya sa cikinta ma yake da tsabta kamar wajenta. Da ban warware ba da har yau ban sani ba.

Akwai kuma inda mutane ke zama a zagaye, yara da tsofaffi, kowa da takarda yana zana abin da ke tsakiya, kai mai kallo ba a nuna maka abin. Zanensu kawai kake gani, wannan ta gaba, wancan ta baya, wani ya iya wani bai iya ba, har ka harhaɗa a ranka ka ce keke ne. Ba a cewa na wane ya fi kyau.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni tsohuwa ce, jikoki goma sha ɗaya, kuma a ɗakina suke taruwa kallo. Ba zan hana ku yabo ba, amma ku riƙa faɗar ɗaya gefen. Mutanen nan addininsu daban, al'adarsu daban. Na taɓa zama da jikokina ana wani katun nasu, sai ga yara sun je wurin bautarsu suna tafa hannu suna sunkuyawa, wani kuma cike yake da aljanu da dodanni kamar abokan wasa. Ƙaramar cikinsu har ta fara kwaikwayon tafin. Na kashe na zaunar da su na yi musu bayani. Kada daɗin fasaha ya sa ku miƙa wa yaro waya ku juya baya.

Maman Khalil:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan gyara ne mai kyau kuma na karɓa. Ni ƙa'idata ba na nuna wa 'yan ajina ko 'ya'yana abin da ban fara kallo ni kaɗai ba daga farko har ƙarshe. Waɗannan biyun da muka ambata yawancinsu cokali ne da kofi da takarda, amma ko su akwai kiɗa a ciki, wanda bai so sai ya rage murya, ba abin da zai rasa na fahimta. Katun masu labari kuwa sai an tace sosai, kamar yadda kika ce.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ni ma bari in ƙara gishiri a kan ta Hajiya, ta wani ɓangaren. Kuna magana kamar duk talabijin ɗin yaran Japan makaranta ce. Ba haka ba ne. Ku tuna Voltron da muka riƙa rugawa gidan maƙwabta kallo a NTA. Asalinsa katun ɗin Japan ne na 1981, Amurkawa suka saya suka sake masa suna a 1984. Power Rangers ma haka, daga jerin Super Sentai na kamfanin Toei aka ɗauko shi, wanda aka fara a 1975. Waɗannan shirye-shirye kusan kowace shekara sai a canja jarumai da mutum-mutumin ƙarfensu, don kamfanin kayan wasa na Bandai ya samu sabon abin sayarwa. Talla ce mai tsawon minti ashirin da wani abu. Kuma kada a manta Disambar 1997, da wani kashi na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi ya sa aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti a dare ɗaya, aka dakatar da shirin wata huɗu. To wannan ma Japan ce.

Abin da ya sa na NHK suka bambanta, kuɗi ne. Tashar ba ta talla. Gidajen da ke da talabijin ne ke biyan kuɗin kallo, da shi take aiki. Wanda ba ya jiran mai talla shi ke iya barin ƙwallo ya gangara shiru na minti guda. Ku ba ma'aikatan tashoshinmu irin wannan kwanciyar hankali ku gani.

Baban Amira:
Wannan batu na kuɗi ban taɓa tunaninsa ba, na gode. Amma ko na kasuwar ba zan zubar da su duka ba. Har yau in na ga yadda a irin waɗannan shirye-shirye ake gina ƙaramin gari na kwali da katako, mutum ya sa rigar dodo ya taka shi, a ɗauka daga ƙasa har ka rantse bene ne na gaske, ina jinjina wa masu hannun.

Abu Fatima:
Salamu alaikum dangi, daga Sudan nake, asalinmu Mai Wurno a bakin kogin Nil. Mu ta Larabci abin nan ya zo mana. Muna yara ba wanda ya san na Japan ne, mun ɗauka Larabawa suka zana. Captain Majid, Grendizer, da wanda ya fi zauna min a rai, Adnan wa Lina. Sai da na girma na san NHK ce ta nuna shi a 1978, kashi 26, kuma shahararren mai shirya katun Hayao Miyazaki ne ya ba da umarni tun kafin duniya ta san sunansa.

Na sake kallonsa bara, bayan yaƙi ya raba mu da gida. Ina yaro abin da nake gani shi ne yaro mai ƙarfi da ke riƙe abu da yatsun ƙafa yana gudu a kan fiffiken jirgi. Yanzu da na kalla sai na ga labarin mutanen da yaƙi ya cinye duniyarsu ne, 'yan tsirarun da suka rage suna koyon shuka da kamun kifi daga farko, wasu kuma har yanzu suna neman makamin da ya hallaka kowa. Ban iya gama kashi na farko a zama ɗaya ba. Wanda ya rubuta wannan bai raina yaro ba. Ya san yaron zai girma, ya ajiye masa wani abu a ciki da zai dawo ya tarar.

Hajiya Babba:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ɗana. Allah ya mayar da kowa ɗakinsa.

Abu Fatima:
Amin Hajiya, na gode ƙwarai.

Ɗan Maraɗi:
Amin. Mu nan Nijar da Faransanci muka gan su a tele, Captain Majid ɗinku mu Olive et Tom muka san shi. Maganar Abu Fatima ta tuna min da Anpanman, wanda duk ɗan yaye a Japan ya sani. Jarumi ne da kansa burodi ne mai cike da wake mai zaƙi. In ya tarar da mai jin yunwa sai ya gutsuri kansa ya ba shi, ƙarfinsa ya ragu, sai tsohon mai gidan burodi ya gasa masa sabon kai. Wanda ya ƙirƙire shi, Takashi Yanase, an haife shi 1919, an kai shi soja China a yaƙin duniya na biyu, ya sha yunwa, ƙanensa kuma ya mutu a yaƙin. Ya ga yadda abin da ake kira gaskiya yau gobe ake juya shi in an ci ku da yaƙi, sai ya tsaya a kan cewa ciyar da mayunwaci shi ne alherin da ba ya juyewa. Da littafin ya fito a 1973 manya suka ƙi shi, wai rashin tausayi ne a ci kan jarumi. Yara ne suka riƙe shi har ya shiga talabijin a 1988, lokacin mutumin yana da shekara 69. Mu da muka san shekarun fari, ba sai an fassara mana wannan jarumi ba.

Kafinta na Kurna:
To na sauko kaɗan. Jiya da dare ɗana ya nemo min wani tsohon shirinsu, Dekirukana, wanda aka yi daga 1970 zuwa 1990. Wani dogon mutum mai hula, da almakashi da gam da kwali, yana ƙera abubuwa shi da wani dodo mai gashi. Kusan shekara ashirin bai ce uffan ba a shirin, sai a kashi na ƙarshe ya buɗe baki. Na kalli yadda yake riƙe almakashi, yana juya takardar ba hannun ba. Wannan mai sana'a ne. Haka maigidana ya koya min aiki, bai taɓa cewa ga yadda ake riƙe zarto ba, sai dai in tsaya a gefensa in gani. Amma ina nan kan bakana cewa motar karanmu ta cancanci kyamara.

Maman Khalil:
A kan wannan ai bakinmu ɗaya, Malam.

Yaya Baban Amira, akwai sashen PythagoraSwitch da ban ji ka ambata ba, kuma kai ya fi shafa. Yaro zai yi akwati da kwali mai maɓalli biyar, kowane da harafi, in ya danna sai babansa ya yi abin da ya fara da harafin. Uba na gaske, da kayan aikinsa, a gaban kyamara. Na yi wa Khalil da kwalin sabulu, na rubuta ba, be, bi, bo, bu. Babansa mutum ne mai kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kira. Da ƙyar ya yarda. Yaron ya danna "ba", uban ya kwanta a tabarma ya yi barci har da minshari. Ya danna "bu", ya tashi ya buga ƙwallo. Khalil ya yi dariya har ya shaƙe. Da daddare uban ya ce min tun da aka haifi yaron bai taɓa jin dariyarsa kusa haka ba. Kunya tana nan, ban ce a yar da ita ba, amma kwalin ya ba su ƙofar da za su bi.

Malamin Kimiyya:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni a ganina amsar tambayar Baban Amira tana cikin wani shiri na 2013, Kangaeru Karasu, wato hankaka mai tunani. Na 'yan makaranta ne, minti goma. Wata 'yar wasa, Yu Aoi, za ta kawo gwaji. Misali kyandir biyu, dogo da gajere, a kunna su a kife gilashi a kansu. Wanne zai fara mutuwa? A ba ka zaɓi, a ba ka lokaci. Yawancin mutane za su ce gajeren, don an koya mana cewa iskar da wuta ke fitarwa ta fi nauyi, ƙasa za ta taru. Sai a yi gwajin, dogon ya fara mutuwa. Sai murya ta fara bayanin dalili, tana kaiwa tsakiya sai a katse, a ce daga nan ka yi tunani da kanka. Shirin ya ƙare ke nan.

Ranar da na fara gani raina ya ɓaci. Daga baya na gane ni ne kullum nake yi wa ɗalibaina akasin haka, ina ba su amsa tun kafin tambayar ta dame su. Ko a kacici-kacici ai ba a faɗar amsa sai mutum ya sha wuya ya ce na ba ka gari. Mu manya mun shekara da shekaru ba wanda ya bar mu da tambaya a hannu. Labarai amsa, wa'azi amsa, siyasa amsa. Sai ga shirin yara ya ce maka ga abu, duba, ban faɗa maka ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
Malam, to kai da ka sani, me ya sa dogon ke fara mutuwa?

Malamin Kimiyya:
Kana da kyandir a gida?

Baban Amira:
Ni na riga na gwada yanzun nan, da ma an ɗauke wuta. Na yanka kyandir ɗaya gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya da kamar tsawon yatsa, na kafa su a faranti, na kife kwalbar zuma babba da Maman Amira ta wanke. Amira na riƙe da fitilar waya. Dogon ya fara yin ƙasa ƙasa, ya zama shuɗi, ya mutu, hayaƙinsa ya miƙe ya taru a sama. Gajeren ya ƙara daƙiƙa kaɗan. Na taɓa gindin kwalbar da ke sama, da zafi, bakinta da ke ƙasa kuwa sanyi ƙalau. Ina jin zafin nan yana da hannu a ciki. Amira kuma ta ce a sake da babban bokitin roba mai haske, wai ko in wurin ya yi faɗi abin zai canja.

Malamin Kimiyya:
Ka biye mata, amma kada ku yi da roba, wuta ce. Ku nemi gilashi mafi girma da za ku samu, ku ƙirga daƙiƙoƙin kowanne ku rubuta. Ku yi sau uku.

Hajiya Babba:
Ku dai yi a tsakar gida, nesa da labule. Kuma a ɗaure wa yarinyar nan ɗankwalinta da kyau kafin ta sunkuya.

Kafinta na Kurna:
Akwai wani tsohon akwatin gilashi na mai sayar da kifin ado a shagona, an kawo gyaran ƙafa ba a dawo an karɓa ba. Malam Baban Amira, in kana kusa ka turo yaro da safe ya ɗauka, sai dai a riƙe shi da hannu biyu don gefe ɗaya ya ɗan tsage.